Makaɗin Gayya da Burodin Sambo

Ni dai karatuna a aji huɗu ya tsaya, kuma ko aji huɗun ta taga na fi shiga. In kun ga rubutun nan ya karkace ku yi haƙuri, babur na iya, shi ma sai da na zubar da wata tsohuwa da kwandon tumatirinta kafin hannuna ya faɗa. Sunana Isuhu. Kabu-kabu nake yi a Kaura yanzu, amma can gefen Badarawa anka binne cibiyata, a wani ƙauye da ba zan faɗi sunanshi ba don har yau akwai masu kwana cikinshi. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne an kashe wani mutum a kasuwar garinmu. Sunanshi Sambo. Yayana Lawali ya sare shi, kuma bakina na cikin maganar. Amma in na fara daga nan ba za ku gane ba, sai na fara daga kakata Tumba.

Tumba uwar babanmu ce. 'Yar ƙarama, in ta zauna kan tabarma sai ka ɗauka ƙullin wanki ne anka aje, amma muryarta har bayan danga. Haƙori biyu sunka rage mata, su ma ba sa shiri, ɗaya sama can hagu, ɗaya ƙasa can dama, ban taɓa ganin sun gaisa ba. Ni ne mijinta na wasa, kamar yadda jika da kaka sunka saba. Da na leƙo sai ta ce, "Ga maigidana nan, mai shigowa hannu wayam. Yau ma ba cefane?"

In ce, "Ke da injin niƙanki ya mutu, me za ki yi da nama?"

Ta ce, "In tsotsa, ɗan banza, in tuna zamanin da nike da miji na gaske."

In an gama girbi sanyi ya fara shigowa, da an idar da magariba an ci tuwo, sai ta sa a haɗa wuta ƙofar ɗakinta da karan dawa da guntun itace. Tatsuniyar Tumba ba a jin ta hannu sake. Kowane yaro sai an zube mishi tsibin gyaɗa gabanshi, yana ɓara yana sauraro. Wanda ya ci fiye da abin da ya ɓare ta san shi, don kunnenta na tsintar tauna ko cikin hayaniya. Ni ne kullum ake kamawa. Har yau in na ji ƙamshin ɓawon gyaɗa a wuta sai in ji kamar za a ja mini kunne.

Lokacin ne kuma su Sambo ke sauka gonarmu ta bayan gida. Babanshi da babanmu sun daɗe da wagga al'ada: in an kwashe hatsi ya kawo shanunshi su ci kara, su kwana nan wata ɗaya ko biyu su bar mana taki, mu kuma mu ba su dammunan gero. Ba takarda, ba shaida, kashin saniya ne da hatsi kawai. Sambo sa'an Lawali ne, dogo siriri, kullum sanda a wuya ya rataye hannuwa kanta. Yakan zo da ƙwaryar kindirmo daga innarshi, ya durƙusa ya aje gaban Tumba, ya koma gefen Lawali ya zauna. Ya fi mu saurin ɓara kuma ba ya ci, shi ya sa Tumba ke cewa za ta kashe aurena ta koma ruga.

Lawali ya girme ni da shekara biyar. Ƙato ne, in ya kama garma ƙasa da kanta ta san an zo. Amma ba ya iya kallon jini. Ranar layya da babanmu ya kwantar da rago, nan take Lawali zai tuna akwai jakin da bai sha ruwa ba. Ni na raɗa mishi suna Lallausa, sunan ya kama shi kamar ƙaiƙayi.

Ranar da Tumba ta ba mu labarin da nake son faɗa muku, akuyarmu ce ta haifi ɗa ba rai, na tarar da Lawali bayan rumbu yana share ido. Kafin la'asar duk 'yan matan bakin rijiya sun ji, har da ƙarin gishiri, don na ce ya yi wa ɗan akuya likkafani ya ja mishi salla. Cikinsu akwai wadda yake so. Bai taɓa ni ba. Ya je ya yi ta naushin bangon rumbu har fatar 'yan yatsunshi ta saluɓe. Da anka haɗa wuta ya zo da tsumma ɗaure a hannu, yana ɓara da ƙyar. Tumba ta dubi hannun, ta dube ni.

Ita ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Sai ta ƙwanƙwasa bayan ƙwarya sau uku ta ce, "Baƙuwa ta taso daga nesa, ƙafarta duk ƙaya. Wa zai ba ta wuri?" Mu ce, "Ta zauna nan."

Ta ce an yi wani gari da ba a taɓa ganin gindin rumbu ba, saboda gayyarsu. In za a yi wa mutum huɗa, samarin gari duka su fito da garemani su jeru, kowa da kunyar da zai huɗa, makaɗi ya tsaya bakin gona da gangar noma. Kowane saurayi da takenshi, wato kiɗan da in an yi shi kowa ya san da shi ake. Da mutum ya ji nashi sai ya yi aikin mutum biyu, ya manta da yunwa, ya manta da ƙaya. Da haka garin ya cika ya batse, har baƙi ke zuwa kallon rumbuna.

To akwai wani yaro, Tanko, wanda kullum shi ne na baya. Ba shi da take, don makaɗi bai ga abin kaɗa mishi ba. Ran nan rana ta yi tsaka, mutane sun fara sanyi, makaɗi na neman abin da zai tashe su, sai idonshi ya faɗa kan Tanko. Ya ƙirƙiro mishi take na tsiya, ganga na cewa wutsiyar gayya, wutsiyar gayya. Gona duka ta kwashe da dariya.

"Yaron nan," in ji Tumba, "yad duƙa bai ƙara ɗaga kai ba. Yaw wuce na ɗaya, yaw wuce na biyu. Kunyarshi taƙ ƙare yaf faɗa ta wani. Mai kunyar na gabanshi, duƙe, ya ba shi baya. Garma ba ta tsaya ba. Tat tahi da diddigen bawan Allah kamar an yanki kabewa."

Ta ce jini ya bi kwarin kunya, kowa ya juyo yana kallon makaɗi. Shi kuwa sai ya juya kiɗan ya mai da shi na yabo: mai wucewa ba ya tambaya, mai wucewa ba ya tambaya. Wan wanda anka sara ya ji ana yabon wanda ya nakasa ƙanenshi, ya ce a kaɗa mishi nashi. Anka kaɗa. Ya ɗaga garma ya raba kan Tanko biyu. Ɗan kawun Tanko ya ce saura nashi. Haka anka yi ta yi, mai take ya sari mai take, hanji kan kunya, hannu can, garma can, ganga ba ta huta ba har rana ta sunkuya. Da mata sunka iso da furar gayya a kai, mutum ɗaya sunka tarar tsaye, rataye da ganga.

"Sunka kashe shi?" in ji wani ƙanenmu.

"A'a. Kashewa ai hutu na. Kullum da safe sai su ja shi ƙofa-ƙofa, ya tsaya gaban uwar kowane yaro ya kaɗa mata taken ɗanta, tana kallonshi. Haka yay yi har yam mutu. Gonar nan kuwa shekarar nan tay yi geron da ba a taɓa gani ba, ba mai yanka, tsuntsaye sunka cinye." Ta kakkaɓe zanenta ta ce, "Baƙuwa ta tashi. Wanda tat taka ya san kanshi."

Ni da bakina ba ya iya zama, na ce, "To Tumba, shi makaɗi ai bai taɓa kowa ba."

Ta ce, "Haka shi ma yac ce, maigida."

Sambo bai cika magana ba in ana tatsuniya, amma ranar ya ce, "Inna, duk garin ba wanda ya fasa gangar?"

Tumba ta yi dariya har haƙoranta biyu sunka leƙo. Ta ce, "Kai ɗan Fulani ka fi su hankali. Wa zai fasa, kowa na jiran a zo kan nashi?" Sannan ta miƙa mishi dunƙulen gyaɗa, ni kuma ta ce in tashi in kwashe ɓawo. Na kwashe ina ƙunƙuni. Washegari na ci gaba da Lallausa kamar ba a yi ba.

Tumba ta rasu kan gadonta, tasbaha a hannu, shekara ɗaya kafin mu fara jin ƙarar babura cikin daji. Nakan ce tsohuwar nan wayo gare ta, ta ci rabonta ta gudu.

Shanun su Sambo anka fara kora. Yini ɗaya anka tafi da fiye da rabinsu, anka harbe baffanshi da ya bi sawu. Daga garinmu babanmu da Lawali kaɗai sunka je jaje, sauran mutane sunka ce ai tsakaninsu ne. Daga baya maganganu sunka yi yawa, babanmu ya ji tsoron bakin mutane, kakar da ta biyo baya bai aika musu su sauka ba. Sunka matsa da rugarsu can wajen hanyar Galadi. Gonar bayan gida ta fara ramewa, mu ma haka.

Sai damina, lokacin maimai, wato noma na biyu, da hantsi. Ina tasha ina wanke babur ɗin wani na ji kamar ana fasa duwatsu. Babura ne sunka fito daga cikin dawa, mutum uku-uku a kai, suna harbin duk wanda ke duƙe a gona. Babanmu ya yar da hauya ya ruga, anka same shi a baya, ya faɗi, wani ya sauko ya ƙarasa shi da adda don kada ya ɓata harsashi. Lawali ya ɗauko shi a kafaɗa har gida. Mutumin da ba ya kallon rago, ya shigo riga jiƙe sharkaf, jinin ubanshi na ɗiga ta gwiwar hannunshi. Ranar har likkafani ya ƙare, sai zannuwan gado anka yayyaga.

Bayan bakwai anka ce kowane gida ya ba da namiji ɗaya cikin 'yan sa-kai. Lawali ya shiga. Anka ba shi bindiga harba-ka-ruga da layu cike da ƙugu. Babbansu wani tsohon mahauci ne, Kwamanda muke ce mishi. Sauran sukan shiga daji su dawo da takalma da wayoyin mutanen da ba za su ƙara buƙatarsu ba. Lawali kuwa ƙofar gari anka aje shi, yana gadi yana dafa musu shayi. Shekara guda cur bai harbi ko kurciya ba.

Ni kuma lokacin na samu babur na fara kabu-kabu. In muna jiran fasinja a tasha sai in mai da tankin babur ganga, in riƙa kaɗa wa kowa nashi. Na Lawali ya fi karɓuwa: Lallausa, Lallausa, bindiga a kafaɗa, buta a hannu. Har yara sun iya. Na sha shayi kyauta da waƙar nan ba adadi. A ganina wasa ne. In kuma za a faɗi gaskiya har da haushi a ciki, an kashe mana uba kamar akuya, ga ƙato da bindiga yana firfita gawayi.

Kwamanda ya kafa doka. Ba a sayar wa mutumin ruga burodi ko fetur da yawa, don an ce su ke kai wa 'yan bindiga. Ɗan kabu-kabun da ya ɗauko ɗan ruga kuwa, shi ma nasu ne. Ba barazana ba ce. Akwai wani abokin aikinmu da anka kama ya ɗauko wata tsohuwa mai nono. Gaban idonmu anka ɗora hannuwanshi kan turmi anka daddaka da taɓarya, da yamma anka tafi da shi bayan gari, bai dawo ba.

Wata ranar kasuwa da safe na kai fasinja wajen Galadi, ina dawowa wayam, an kwana ana ruwa hanya duk caɓi, sai na hangi mutum na tafe da zabi biyu a hannu. Sambo ne. Shekara biyu ban gan shi ba, ya ƙara ramewa, amma fuskarshi kamar an ba shi kujerar Makka. Ya ce matarshi ta haihu, mace, ɗiyar fari, gobe suna. Shanun da sunka rage ba su da nonon da za a tari baƙi da shi, shi ne zai sayar da zabi ya sayi burodi da ganyen shayi da sukari.

Na ce, "Kai Sambo, ɗan Fulani da suna da burodi? Duniya ta zo ƙarshe."

Ya ce, "Kai dai har yanzu ba a ɗinke bakin nan ba. Za ka rage mini hanya ko sai na roƙe ka?"

Na duba gaba na duba baya, ba kowa. Na ce ya hau. Na sauke shi bayan makaranta kafin shiga gari, inda ido ba ya kaiwa. Ya ce in gai da Lawali, in ce mishi ya zama baba. Da na zo wucewa ƙofar gari na rage gudu na ce wa Lawali, "Abokinka ya yi ɗiya, gobe suna, yana cikin kasuwa." Ya dube ni, ya dubi lakar da ke tayata.

Gab da azahar anka yi ihu wajen 'yan burodi. Na tura babur na kutsa don ba na son a ba ni labari. Sambo ne a ƙasa, an ɗaure mishi hannu ta baya da igiyar da ya ɗauro zabinshi. Buhunshi ya yage, burodi guda goma warwatse cikin caɓi ana tattakawa. An riga an fasa mishi baki da gindin bindiga, yana magana jini na fita da kumfa.

"Suna ne. Wallahi suna ne."

Kwamanda ya tsuguna gabanshi. Bai ɗaga murya ba, shi ba ya ɗagawa. Ya ce, "Daga rugarku zuwa nan tafiyar rabin yini ce, kuma an kwana ana ruwa. Dubi ƙafarka, laka ko idon sawu ba ta kai ba. Wa ya ɗauko ka?"

Sambo ya yi shiru. Wani ya taka mishi haƙarƙari har na ji ƙarar daga inda nake.

"Wa ya ɗauko ka?"

Ina zaune kan babur, tsakanina da Sambo bai fi taku goma ba. Idonshi ya zagayo ya zo kaina, ya wuce, kamar bai taɓa ganina ba.

Sai ga Lawali ya ratso mutane, butar shayi na hannunshi, ko ajewa bai yi ba. Ya ce, "Kwamanda, na san shi. Tare munka tashi. Matarshi ce ta haihu, gobe suna."

Kwamanda ya juyo a hankali. Ya ce, "Kai da ke ƙofar gari tun asuba, wa ya gaya maka matarshi ta haihu?"

Ban yi shawara da hannuna ba. Ji na yi kawai yana dukan tanki, bakina ya bi: Lallausa, Lallausa, bindiga a kafaɗa, buta a hannu. Kuma ga butar a hannun nashi, kowa na gani. Kasuwa ta fashe da dariya, har masu riƙe da Sambo. Kwamanda ma ya dara, ya bar waccan tambayar, ya zare addarshi ya miƙa wa Lawali ta ƙota. Ya ce, "To Lallausa, tunda abokinka ne, riƙe mana wannan ka ji nauyinta." Anka ƙara kwashewa. Lawali ya karɓa, buta ta faɗi. Kwamanda ya koma kan Sambo ya ce, "Na ƙarshe ke nan. Wa ya ɗauko ka?"

Sambo ya ɗago kai. Ya buɗe baki.

Lawali ya sauke addar a wuyanshi. Bai iya ba, ai bai taɓa yi ba, ta sauka tsakanin wuya da kafaɗa ta maƙale a ƙashi. Ya taka shi da ƙafa ya fizge, ya ƙara, ya ƙara. A ta uku jini ya yi tsartuwa har kan teburin mai burodi. Ƙafafun Sambo sunka yi ta shure-shure cikin caɓi, dogayen ƙafafun nan, sannan sunka bari. Sai wani ya yi kururuwa, samari sunka ɗaga Lawali sama suna zagayawa da shi, suna rera waƙata. Na duba na ga hannuna na nan kan tanki.

Abin da ya biyo baya ba sai na ja ba. Mutanen rugar sunka tashi cikin kwana biyu. Bayan 'yan makonni anka shigo mana da rana tsaka, anka ƙone rumbuna da rabin gari, anka kashe wanda anka samu, har da mai burodin. Na ɗauki innarmu a bayan babur munka yo Kaura, ban ƙara kwana can ba. Lawali ya zauna. Yanzu shi ke gaba in za a shiga daji. Ya yi ɗakin bulo, yana da babur sabo, dattijai ke fara gaishe shi. Har yau Lallausa ake ce mishi, amma sai an rage murya.

Shekara da shekaru na ɗauki kaina a matsayin makaɗin Tumba. Na ce na gane ɗan Adam ƙarshen ganewa. Lawali ya ɗauki gawar ubanshi a kafaɗa bai kashe kowa ba, ya shekara da bindiga bai kashe kowa ba, amma dariyar kasuwa ta minti ɗaya ta sa ya sari abokinshi. Na ce ashe ba yunwa ke tura mutum ba, ba ma ramuwa ba, abin da za a kira shi da shi gaban jama'a ne. Da shi ake cika rumbu, da shi ake cika maƙabarta. Har fasinja nakan yi wa wannan karatu in tafiya ta yi nisa, ba tare da na kama suna ba, su ce kai ɗan kabu-kabu ashe malami ne. Kuma in ba zan yi muku ƙarya ba, cikin nadamar tawa akwai ɗan jin kai. Makaɗi ai shi ne babba a labarin, shi ke juya kowa.

Watannin baya Lawali ya shigo Kaura sayen maganin ɗanshi da ke fama da zazzaɓi. Na je tasha na ɗauko shi. Ya ƙara ƙiba, idonshi ya yi ja, ya hau bayana babur ya nutse. Muna tafe wajen tsohuwar tashar jirgi, na ga ba ya kallon fuskata, ni ma ba na kallon tashi, na ce in ban faɗa yau ba ba zan taɓa faɗa ba.

Na ce, "Yaya, ranar nan a kasuwa. Kiɗan da na yi. Ka yafe mini."

Ya ce, "Wane kiɗa?"

Na ɗauka gatse yake. Na ce, "A tanki. Waƙar nan."

Ya ce, "Ka yi kiɗa ranar? Ni ban ji ba. Bakinshi nake kallo. Saura kaɗan ya ce Isuhu."

Na taka burki a gefen titi, wani mai mota ya zage ni ya wuce. Ban juya ba. Na ce, "Sau biyu anka tambaye shi bai faɗa ba. Ya gan ni da idonshi ya kau da kai."

"Na uku fa?"

"Wataƙila salati zai yi."

"Wataƙila," in ji Lawali. Na ji numfashinshi a wuyana. "Shi ne abin da ban tsaya na ji ba. Kullum in na rufe ido bakin nan na nan a buɗe, ina jira, ba ya faɗin komai." Ya ɗan taɓa kafaɗata. "Ja mu tafi, yaro na jiran magani."

Na ja munka tafi. Na kai shi kantin magani, na mai da shi tasha, munka yi sallama kamar kowane wa da ƙane.

Tumba ta ba mu labarin masu sara don a kaɗa musu. Ba ta ba mu na wanda ya sari abokinshi don ƙanenshi ya kwana da rai ba, ko ba ta san shi ba, ko ta ga mun yi ƙanana. Ashe ranar ni ba kowa nake juyawa ba. Mutum biyu ne ke kare ni, ɗaya da shirunshi, ɗaya da adda, ni kuma ina tsakiya ina dukan tanki don kada a dube ni. Tun ranar na bar yi wa fasinja karatun ɗan Adam. Ina nan da raina, ina cin tuwo, ina ba mutane dariya a tasha don shi kaɗai na iya. Amma da an bar ni da tunanina na da, cewa dariyata ce ta kashe Sambo, da na fi so. Wannan na riga na koyi yadda ake kwana da shi.